Kwamfutar Ɗakin Ƙasa

A gidanmu na Tudun Wada ni ne auta, kuma duk mai cewa auta ɗan gata ne bai taɓa zama auta a gidan yawa ba. Gatan da ni dai na sani shi ne, ba abin da ke isowa hannuna sai ya gama gajiya a hannun wani. Riga kwance, takalmi kwance, keke ma sai da Yaya ya cinye masa birki sannan aka ce ya zama nawa. Wayar farko da na riƙe da tsagaggen gilashi ta zo mini, aka ce in gode wa Allah. Na gode kuwa. Amma tun a lokacin na ƙudurta a raina cewa sai na mallaki abu guda wanda ni na zaɓe shi, ni na haɗa shi, ba wanda zai nuna shi da baki ya ce ai da nasa ne.

Abin ya zo ya zama kwamfuta. Bayan na gama karatu na samu aiki a wani shago kusa da harabar jami'a ta Kongo, inda muke buga wa ɗalibai takardu. Wata rana wani ɗalibi ya kawo kwamfutarsa shagon gyara da ke jikin namu a duba masa, aka kunna ta don gwaji. Na leƙa, sai na ga mota tana gudu cikin ruwan sama, ɗigon ruwa yana gangara a gilashinta ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya da takardun mutane a hannu har maigidana ya ƙwala mini kira. Da na tambayi ɗalibin inda ake sayar da irinta, ya yi dariya ya ce ba a haɗe ake sayenta ba, kaya ake tarawa mutum ya haɗa abarsa.

Daga ranar duk datar da na saya a kallon masu haɗa kwamfuta take ƙarewa. Na koyi abubuwa da yawa a wurinsu, amma na lura da abu guda da su ba ya gabansu. Duk wanda na kalla a ɗaki mai sanyi yake zaune, wani ma har da rigar sanyi. Ba ɗayansu da ya san bazarar Zariya, lokacin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Kwamfutar wasa kuwa murhu ce. Iya ƙarfinta iya zafin da take fitarwa, in kuma zafin bai samu hanyar fita ba, a cikinta zai zauna ya dafa ta. Sai na gane cewa tawa matsalar ba gudu ba ce, zafi ne, kuma da shi na auna duk abin da na saya.

Ɗaya bayan ɗaya na tara kayan, ina ajiye su a tsohuwar adakar Inna. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ban bi babba ba. Na ɗauki matsakaici wanda ba ya shan wuta da yawa, don mai shan wuta shi ne mai zafi. Madabod, farantin da komai ke hawa kansa, na zaɓi maras ado. Katin hoto ne ya fi ba ni wahala, shi ne kuma ran wasan gaba ɗaya, don shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Na daɗe ina zagaye shi kamar mai neman aure. Akwai ƙarami mai fanka ɗaya wanda zan iya ɗauka nan take, akwai mai fanka biyu da ƙarfen sanyaya mai kauri. Na jira. Na hana kaina tsire, na hana kaina sabon takalmi, na yi Sallah guda da tsohuwar shadda, har na kai ga mai fanka biyun. Ranar da na kawo shi gida, a cikin riga na rungumo shi a kan acaɓa, ina ta ce wa mai babur ya bi a hankali.

Mai sayar mini da kayan wani Alhaji ne mai daɗin baki. Ranar da na je ɗaukar akwatin da za a zuba komai a ciki, ya ciro mini wani mai gilashi gaba da gefe, ya jona shi, fitilu suka kama canza launi kamar gidan biki.

"Wannan shi samari ke yayi, Malam," in ji shi. "Ka haɗa da mai sanyaya na ruwa, ga tiyo, ga ɗan famfo, shi ma da fitilarsa. Duk wanda ya shigo ɗakinka sai ya yi salati."

"Alhaji, iska ta ina za ta shiga? Gaban ai a toshe yake."

"Akwai 'yan ramuka a gefe."

"In famfon ya mutu fa? Ko tiyon ya tsage a ciki?"

"Haba, ba ya mutuwa."

Ni dai ban taɓa jin ɗan kasuwa ya ce kayansa na mutuwa ba. Na nuna masa wani baƙin akwati mummuna da ke can ƙasan kanta, gabansa raga ce tun daga sama har ƙasa. Na haɗa da mai sanyaya na iska, dunƙulen ƙarfe mai siraran faranti a jere, da fanka manne a jikinsa. In fanka ta mutu ido zai gani, a cire a sa wata. Ruwa da wutar lantarki kuwa ban ga abin da zai sa in haɗa su a akwati ɗaya da hannuna ba. Alhaji ya naɗe mini kayan yana taɓe baki, ya ce yaro da kai amma zaɓinka na tsofaffi.

Akwai kuma wani abu da na sa a lissafina wanda ba a sayar da shi a kanti, shi ne ɗakina. An rushe yawancin gidanmu an mai da shi na bulo da kwano tun Baba yana da rai, sai ɗaki ɗaya da ya hana a taɓa, wanda yake karatu a ciki. Na ƙasa ne, rufin azara, bangonsa kauri gare shi ƙwarai. Da ya rasu ba wanda ya so ɗakin, aka ce duhu gare shi, sai aka ba auta. Ba su san abin da suka ba ni ba. Da tsakar rana, lokacin da 'yan ɗakunan kwano ke fitowa tsakar gida suna fifita da murfin kwano, ni in na shiga nawa sanyi ne ke tarbata. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ta samu a ɗaki ita take turawa. Saboda haka ɗakin nan shi ne rabin abin sanyaya kwamfutata, kuma don shi na yarda da kayan da na zaɓa. A kansa na ɗinka ta, kamar yadda tela ke ɗinka riga a jikin mai ita.

Wata Lahadi da hantsi na shimfiɗa tabarma na haɗa ta. Na ɗiga wani man shafawa mai ruwan toka, mai jan zafi, a bayan firosesa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, kafin in ɗora masa ƙarfen sanyaya. Na sa fankoki biyu a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Na tattare wayoyi na ɗaure su a bayan faranti don kada su tare hanya. Da aka kawo wuta na danna, ta tashi. Ban amince ba tukuna. Na kunna turaren tsinke na riƙe a gaban ragar, ina kallon hayaƙin yana shiga, yana ratsa ƙarfen, yana fita ta baya a miƙe, bai tsaya yana yawo a ciki ba. A haka Inna ta leƙo ta same ni a durƙushe.

"Auta, aljanu ne a ciki kake musu turare?"

"Iska nake dubawa, Inna."

"To, Allah ya shirya," ta ce, ta saki labule tana dariya.

Ba zan ɓoye ba, watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na sani. In na dawo aiki aka yi sa'a da wuta, sai in rufe ƙofa in shiga tseren mota. A ƙuryar allo na ajiye wata 'yar lamba mai nuna zafin cikinta, kuma rabin daɗina kallon lambar nan ne tana zaune lafiya komai tsananin wasan. Fankokin ba sa ko ɗaga murya. Nakan ɗora tafin hannu a bayanta in ji ɗumi yana fita a hankali, in ji wani irin alfahari da ban taɓa ji a kan komai ba. Ni na yi wannan, kuma daidai na yi shi.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, kuma tun rasuwar Baba shi ake kira uba. Yana da shago a Kwangila inda samari ke biya su buga wasan ƙwallo a talabijin. Duk tsawon lokacin da nake tara kaya, ba abin da ya fi yi masa daɗi irin ya tsokane ni. Ƙato da kai, in ji shi, kana zuba gumi a wasan yara. Mutumin da da wasan yaran yake ci da iyalinsa ke nan. Sai wata rana cikin azumi ya shigo ɗakina neman caja, ya tarar ina wasa. Ya tsaya a bayana. Na waiwaya, sai na ga ba allon yake kallo kamar mai sha'awa ba, kallon ɗan kasuwa yake masa. Tun a lokacin na san akwai magana.

Bai tambaye ni ba. Da ya tambaye ni mu biyu, da na san yadda zan zame. Sai ya bari ana saura 'yan kwanaki Sallah, ya zo shan ruwa gida da ledar lemo da ayaba ya ajiye gaban Inna. Muna zaune a tabarma, an sha kunu, sai ya gyara murya.

"Inna, dama wata alfarma nake nema wurin Auta, na ga gara in yi a gabanki. Injin nan nasa nake so ya ara mini na kwanakin Sallah. Yaran sun gaji da ƙwallo, in suka ga motar nan shagon ba zai ɗauke su ba. Sallah na wucewa zan dawo masa da abinsa."

Haka ake yi a gidanmu. Abin da babba ya roƙa a gaban uwa ya tashi daga roƙo, ya zama gwaji, ana duba ko ƙaramin yana da tarbiyya. Inna ta juyo tana murmushi, ta riga ta san amsar da ɗanta mai kunya zai bayar.

Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Na ce, "Yaya, ba don komai ba, shagon naka kwano ne sama da ƙasa, ga bazara. Ita kuwa don ɗakin ƙasa na haɗa ta. Zafin can zai yi mata yawa."

"Ji wani zance," in ji shi. "Inji ne ko jariri?"

"Auta," Inna ta ce a hankali, "ɗan'uwanka ne fa. Ƙarfe ne zai shiga tsakaninku?"

Shi ke nan, an gama. In na ƙara kalma ɗaya na zama marowaci mai fifita ƙarfe a kan jini, kuma a bakin Inna, cikin watan azumi. Na ce to. Na ji kalmar tana fita daga bakina kamar ana zare mini haƙori.

Washegari da ya zo ɗauka da adaidaita, na bi shi har ƙofar gida ina jera masa sharuɗɗa. Kada a manna ta da bango. Kada a rufe ta da komai. A juya mata fankar tsaye. Da tsakar rana a kashe ta ta huta. In lambar ƙuryar allo ta koma ja, a dakata. Yana ta gyaɗa kai yana duba wayarsa.

"Auta, tun kana tsumma nake harkar inji. Ni za ka koya wa?"

Ranar Sallah ban samu zuwa ba saboda gaishe-gaishe. Kashegari bayan azahar na hau mota zuwa Kwangila. Tun daga bakin titi nake jin ihun samari da ƙugin janareta. Shagon ɗan ƙarami ne, kwano ta ko'ina, ƙofa ɗaya, ba taga, mutane cike maƙil kowa yana zufa cikin sabuwar shadda. Na kutsa da ƙyar. Iskar ciki ta buge ni kamar an buɗe tanda. Na nemi kwamfutata ban gan ta ba, sai da na bi waya da ido na same ta a ƙarƙashin tebur, an cusa ta a lungu, bayanta manne da kwanon da rana ke duka, wai don kada yara su taka ta. Fankar tsayen da na roƙa tana can tana fifita Yaya. Fankokin kwamfutar kuwa, waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba, suna kuka kamar injin markaɗe. Lambar ta yi ja wur.

Ina tsaye allon ya ɗauke ɗif. Samari suka yi ihu.

"Ka gani ko?" Yaya ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Tun jiya haka take mini. Raguwa ka haɗa, Auta. Da rana ta yi sai ta kwanta."

"Ba lalaci ba ne, Yaya. Kanta take ceto. In zafi ya kai mata iyaka sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Bari in tafi da ita yau, don Allah."

"A tsakiyar ciniki? Kana da hankali kuwa?"

Na durƙusa na jawo ta daga lungun, ƙarfenta har yana ƙona yatsa. Na ɗora ta a kan benci kusa da ƙofa, na juya mata fankar tsaye. Yaya yana kallona, fuskarsa a ɗaure, don na taɓa masa tsarin shago a gaban yaransa. Na ce a bar ta ta huce kafin a sake kunnawa. Ya ce ya ji, in tafi, zai san dabarar da zai yi mata. Wannan kalma ta dabara ita ta hana ni sukuni har na isa gida.

Da na koma washegari da la'asar, ban ji ihu daga titi ba. Shagon ba kowa sai 'yan ƙwallo biyu a gaban talabijin. Kwamfutata tana kan benci, an cire murfin gefenta an jingine. A ƙasan bencin ruwa ne kwance. Na matsa. A cikin akwatin, ƙarƙashin katin hoto, ga ledojin ƙanƙara irin wadda masu zoɓo da kunun aya ke saya su zuba a kula, sun narke sun zama jakar ruwa. Wata ledar an ɗora ta a saman akwatin, inda nan ma raga ce, ta huje, ta gama tsiyayewa a kan madabod. Ƙaurin ƙonannen roba bai gama fita ba.

Yaya ya taso yana murza hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba kunya ce a fuskarsa ba, mamaki ne, irin na wanda aka yi wa rashin adalci.

"Wallahi da farko ta yi aiki," in ji shi. "Lambar nan taka har ta sauko, tun safe ba ta ɗauke ba. Na ce ka ga an samu magani. Can sai muka ji ƙara, fat, sai hayaƙi. Ina ga dama can kayan ba masu ƙwari ba ne."

Na san abin da ya gani. A duniyarsa duk abin da ya yi zafi ƙanƙara ake sa masa, lemon kwalba, zoɓo, goshin mai zazzaɓi. Bai yi don mugunta ba. Amma a lokacin ban da wurin ajiye wannan tunani. Abin da na hana kaina komai saboda shi shekara da shekaru ne kwance cikin ruwa, ni da na ƙi sayen mai sanyaya na ruwa don tsoron ɗigo ɗaya.

"Zoɓo ce?" na ce. Muryata ta fita fiye da yadda na yi niyya. "Yaya, zoɓo na ba ka aro? Ruwa a cikin wuta? Na faɗa maka, na roƙe ka, na zo da ƙafata na nuna maka! Wannan ai jahilci ne!"

'Yan ƙwallon suka ajiye abin wasansu. Mai shagon kusa ya leƙo. Yaya ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ni ka ce wa jahili?"  Na zubar da ledojin a bakin titi, na rungumi akwatin yana ɗiga a kan rigar Sallata, na tare adaidaita.

Na kwance ta gaba ɗaya a ɗakina, na goge kowane abu, na shanya su a inuwa na kwanaki. Ina sane da cewa ruwa ba shi ke kisa ba in wuta a kashe take, amma wannan a kunne ya same ta. Duk da haka na mai da komai na danna. Shiru. Na kai katin hoton shagon gyara aka gwada shi a wata kwamfutar, bai ko motsa ba. Mai gyaran ya nuna mini wani baƙin tabo a jikinsa, ya nuna mini irinsa a madabod, ya ce in yi haƙuri. A hanyar dawowa na yi kuka a bayan acaɓa, ƙato da ni, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Ina tsammanin za a kira zama a gida, aka kuwa kira. Inna ta aika wa Baffa, ƙanen mahaifinmu da ke zaune a Dutsen Abba, tsohon ma'aikaci mai son a yi komai bisa tsari. Ya zo ranar Asabar da safe, aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Inna ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, Yaya a gefen Baffa, ni a ƙasa kusa da takalma. Wauta ta sa na shigo da katin hoton a hannu, wai zan nuna tabon.

Ba wanda ya nemi ganinsa. Baffa ya yi addu'a, ya yi dogon bayani a kan zumunci, sannan ya juyo gare ni.

"An ce ka kira yayanka jahili a bainar jama'a. Haka ne?"

"Baffa, cewa na yi abin da ya yi jahilci ne. Ƙanƙara ya zuba a cikin..."

"Ban tambaye ka ƙanƙara ba. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To." Ya gyara zaman hularsa. "Inji ƙarfe ne. Yau ya lalace, gobe a sayi wani. Shi kuwa mutuncin babba in ya zube a titi, da me za ka kwashe shi? Wannan da kake gani shi ne ubanka yanzu. Kuma da niyyar gyara ya yi, ba da niyyar ɓarna ba. Kai da za ka gode masa ya damu da kayanka har ya sayi ƙanƙara da kuɗinsa?"

Na ɗaga kai na dubi Inna. Ina jiran ta ce ko da kalma ɗaya, ta ce yaron nan ya sha wahala a kan abin nan, ta ce ai ya gargaɗe shi a gabana. Ta san duka. Adakarta ce ta ɓoye kayan. Sai na ga idonta ya cika da ƙwalla, tana roƙona da shi in yi abin da aka ce don a wuce wurin. Ba gaskiya take nema ba, so take 'ya'yanta su ci tuwo a kwano ɗaya. Na fahimce ta, kuma fahimtar ba ta rage mini ɗacin komai ba.

"Matsa ka ba shi haƙuri," in ji Baffa.

Na ajiye katin a kan tabarma. Na ja gwiwa na matsa gaban Yaya, na sunkuyar da kai.

"Yaya, ka yi haƙuri. Na yi kuskure."

Ya bar ni a durƙushe ɗan lokaci, yadda kowa zai gani. Sannan ya sauke ajiyar zuciya irin ta manya, ya dafa kafaɗata.

"Ba komai, Auta. Na yafe maka duniya da lahira. Ƙuruciya ce."

Baffa ya ce madalla, Inna ta share ido tana hamdala, aka shafa fatiha. Ta tashi da sauri ta kawo fura, har da zuba wa Yaya sukari da hannunta. Zaure ya cika da hira, Baffa yana ba da labarin wata rediyonsa da ta taɓa faɗawa rijiya. Ban ji an ambaci kwamfutata ba ko sau ɗaya, sai da Yaya ya tashi tafiya. Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya, ya juyo da fara'a, irin ta wanda ya yafe kuma yake so a ga ya yafe.

"Af, Auta. Ka daure ka gyara injin nan kafin Babbar Sallah. Yaran sun so shi ƙwarai, kullum sai sun tambaya. Wannan karon sai ka zo ka zauna da shi da kanka, tunda kai ka san halinsa."

Inna ta dube ni tana murmushi. Baffa ma ya dube ni.

Na ce to.

Zan iya gyara ta. Firosesan bai mutu ba, na gwada shi daga baya, kuma aikina yana nan, da haƙuri da na sake tara sauran kamar yadda na tara na farko. Alhaji mai kaya ma ya tare ni a hanya ya ce an kawo wasu katunan masu kyau, in zo in gani. Na ce masa ina nan zuwa. Babbar Sallah ta zo, Yaya ya tambaya, na ce ba ta samu ba. Ya sake tambaya a shekarar da ta biyo, na ce har yanzu. Daga nan ya daina, ni ma na daina bi ta layin shagon Alhaji.